Duwatsun Bauci da Cinikin Keken Dutse: Jarin da ke Kwance a Bayan Gari

BAUCI — Matafiyin da ya baro Jos da sassafe ya nufo Bauci, tun daga Tilden Fulani har ya gangaro mashigin Panshanu, ya wuce Nabordo da Zaranda da Buzaye, idonsa ba zai huta da kallon duwatsu ba. A cikin tafiyar kimanin kilomita 130, mota tana saukowa daga tudun da ya kai mita 1,200 bisa teku zuwa filin da birnin Bauci yake zaune, mai tsayin mita 600 da 'yan kai. Shi kansa birnin, wanda Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1809, duwatsu ne suka yi masa ƙawanya: ga Warinje, ga Gudum, ga Dutsen Tanshi wanda gari ya riga ya haɗiye. Har ma akwai wani nau'in dutse mai duhun kore a kewayen garin wanda masanin nan, Farfesa Mosobolaje Oyawoye, ya raɗa wa sunan Bauci, kuma da wannan suna aka san shi a littattafan ilimin duwatsu na duniya.

A halin yanzu hanyar da mafi yawan 'yan kasuwa suka sani ta cin moriyar waɗannan duwatsu ita ce a sa musu nakiya, a farfasa, a loda tsakuwa a tifa a kai wa magina da 'yan kwangilar hanya. Sana'a ce ta halal wadda take ciyar da gidaje masu yawa, sai dai dutsen da aka fasa sau ɗaya ake sayar da shi. A wasu ƙasashe kuwa an daɗe da gano dabarar sayar da dutse guda kowace shekara ba tare da an ɓantari komai daga jikinsa ba. Abin da ake sayarwa shi ne hawansa da gangarowa daga kansa, a da bisa ƙanƙara, yanzu kuma bisa keke.

Yadda ƙanƙara ta raya ƙauyukan Turai

Ƙauyukan da ke kan duwatsun Alfis, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya, wuraren talauci ne a ƙarni na 19. Makiyaya ne da ƙananan manoma, waɗanda dusar ƙanƙara kan rufe wa hanya watanni da dama, samarinsu kuma su tafi ci-rani birane. Baƙi masu sha'awar hawan dutse ne suka fara sauya al'amarin. A garin Shamoni na Faransa, mazauna wurin sun kafa ƙungiyar 'yan jagora tun a 1821, wadda ta tsara layin ɗaukar baƙi da farashin kowace tafiya, kuma har yau tana nan tana aiki. A garin ne aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta farko a 1924.

Wasan zamiyar ƙanƙara kashi biyu ne a wajen masu neman kuɗi da shi. Kashi na farko shi ne wanda kamfani yake kafa kujerun igiya masu jan mutane zuwa ƙololuwar dutse, su biya kuɗin tikiti su zamo ƙasa. Wannan yana bukatar jari mai nauyin gaske. Kashi na biyu shi ne na masu yawon duwatsu, waɗanda suke hawa da ƙarfin ƙafarsu. Su kan manna wani ƙyalle mai gashi a ƙarƙashin dogayen katakan da suka ɗaura wa ƙafa, wanda asalinsa fatar wata dabbar ruwa ce, gashin ya kwanta idan an tura ƙafa gaba, ya cije idan ta nemi komawa baya. In sun kai sama sai su ɓare ƙyallen, su ɗaure diddige, su gangaro. Mashahuriyar hanyarsu ita ce wadda ta tashi daga Shamoni zuwa Zarmat ta Suwizalan, tafiyar kusan mako guda, ana kwana a ɗakunan da ƙungiyoyin mahaya dutse suka gina a kan hanya. Wannan kashi na biyu shi ya fi dacewa ɗan kasuwar Bauci ya duba, domin kuɗinsa ba ya tafiya ga injuna. Yana shiga aljihun ɗan jagora da mai masauki da mai dafa abinci da mai gyaran kaya.

To amma ƙanƙarar ta fara yi wa masu ita rowa. Wani rahoto da Ƙungiyar Haɗin Kan Tattalin Arziki da Raya Ƙasa mai hedkwata a Faris ta fitar a 2007 ya nuna cewa daga cikin filayen zamiya 666 da ke duwatsun Alfis, 609 ne suke da tabbacin samun isasshiyar ƙanƙara, kuma idan zafin duniya ya ƙaru da digiri 2, adadin zai sauko zuwa 404. Ko da ba a yi maganar ɗumamar yanayi ba, otal ɗin da yake cika watanni huɗu ya zauna wayam sauran shekara ba ya biyan bashin banki cikin kwanciyar hankali. Nan ne keke ya shigo.

Keken da aka haifa a gangare

Keken dutse bai daɗe a duniya ba. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna masu kaurin taya na shekarun 1930 da 1940, suna gangarowa da su daga dutsen Tamalfayas. A watan Oktoba na 1976 suka fara wata tsere wadda saboda tsananin gangarenta man birkin keken yakan ƙone, sai an sake cusa wani kafin a koma. Daga cikinsu Joe Breeze ya ƙera keken farko da aka yi musamman domin wannan aiki a 1977, Gary Fisher da Charlie Kelly kuma suka kafa kamfanin sayar da irinsa a 1979, Tom Ritchey yana ƙera musu gangar jikin. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper da yawa a kasuwa. Kafin shekara 10 an yi gasar duniya ta farko a Durango ta jihar Kolorado a 1990, sa'annan wasan ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996.

Garuruwan ƙanƙara ba su yi sanya ba. Wisla ta Kanada ta buɗe filin kekuna a kan dutsenta a 1999, Liyogang ta Ostiriya ta bi sahu a 2001, har ta karɓi baƙuncin gasar duniya a 2012 da 2020. Kujerun igiyar da suke jan masu zamiya da sanyi su ne suke jan kekuna da bazara, ɗan jagoran ƙanƙara ya koma ɗan jagoran keke, shagon hayar katakan zamiya ya koma shagon hayar keke. Ta haka ma'aikacin wata huɗu ya zama ma'aikacin shekara. Zuwan keke mai batir ya ƙara faɗaɗa kasuwar zuwa ga dattawa da masu ƙiba, har ta kai a Jamus a 2023 an sayar da kekuna masu batir kimanin miliyan 2.1, fiye da na gargajiya da aka sayar a wannan shekara.

Akwai wata alaƙa tsakanin Bauci da Ostiriya wadda ba kowa ya lura da ita ba. Kamfanin Steyr da aka kafa a Bauci a 1976, ya fara haɗa taraktoci da manyan motoci a 1979, reshe ne na Steyr-Daimler-Puch na Ostiriya, kuma wannan uwar kamfani tana daga cikin tsofaffin maƙeran keke na Turai. A 1894 aka fara ƙera keke a garin Steyr, kekunan Puch kuma sun yi suna kafin a sayar da sashen ga Piaggio na Italiya a 1987. Bauci ta karɓi taraktan Ostiriya ta bar kekenta. Masana'antar taraktan ta durƙushe daga baya, kamar sauran masana'antun haɗa motoci na zamaninta, a yayin da ƙauyukan Ostiriya suke ci gaba da cin abinci da keke.

Afirka ma ta shiga

Ba sai an je Turai ba. A Maroko, ƙauyen Imlil da ke gindin dutsen Tubkal, mai tsayin mita 4,167, ƙauyen Musulmi ne manoma wanda ya koma rayuwa da baƙi. Da sanyi masu yawon ƙanƙara suke zuwa, alfadarai suna ɗaukar musu kaya har inda ƙanƙara ta fara, da bazara kuma masu tafiyar ƙasa da masu keke. A Lesoto, filin zamiya na Afriski da ke sama da mita 3,000 yana buɗe hanyoyin keke idan ƙanƙara ta narke. A Afirka ta Kudu, Kevin Vermaak ya ƙirƙiro gasar Cape Epic a 2004, tseren kwana 8 mai nisan kimanin kilomita 700, wadda ta yi ƙarfi har kamfanin Ironman ya saye ta a 2016.

Misalin Ruwanda shi ya fi kusa da halin da Bauci take ciki, domin babu ƙanƙara a lissafinsa, kuma an fara shi ne da ɗan abin hannu. Shi dai Tom Ritchey ɗin nan na Kalifoniya ya ziyarci ƙasar a 2005, ya tarar manoman kofi suna tura kayansu a kan kekunan katako, ya tsara musu keke mai dogon baya na ɗaukar buhuna. Daga wannan aiki aka kafa ƙungiyar tseren keke ta ƙasar a 2007, ɗaya daga cikin 'ya'yanta, Adrien Niyonshuti, ya yi tseren keken dutse a Olamfik na Landan a 2012. A 2011 hukumomin ƙasar suka buɗe wata hanya mai tsawon kilomita 227 a gaɓar tafkin Kibu, daga Rubabu zuwa Rusizi, wadda mafi yawanta tsofaffin hanyoyin ƙauye ne da aka kafa wa alamu aka tsara musu masaukai. A watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya ta kan titi, karo na farko a Afirka. Nijeriya kuwa sai a 2024 ta fara tura ɗan tseren keke Olamfik, wato Ese Ukpeseraye, wadda a ɗaya daga cikin wasanninta a Faris sai da tawagar Jamus ta ara mata keke.

Abin da Bauci take da shi

Hanyoyin sun riga sun samu. Turbar da mata masu itace suke bi, da burtalin shanu, da hanyar kasuwar ƙauye wadda masu kekuna da babura suka daddaɓe shekara da shekaru, da tsofaffin hanyoyin masu haƙar kuza a ƙasar Toro, irinsu ne ake kashe maƙudan kuɗi ana ƙirƙirowa a Turai. Kada a manta, tudun da yanzu ake kira na Jos, Turawan mulkin mallaka da sunan Bauci suka fara kiransa, kuma alamar farko ta haƙar ma'adinai da aka kafa a Tilden Fulani tana cikin kayan tarihin ƙasa. A kan wannan hanya ta Jos akwai zanen mutanen dā a jikin duwatsun Geji, akwai kuma tsibin duwatsun nan na gindin Panshanu da ake kira Kwandon Kaya. Ta kudu maso yamma ga duwatsun Mbula na Dass. A cikin gari ga fadar Sarkin Bauci da ragowar ganuwa da ƙofofinta, ga kabarin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mahayi zai iya karya kumallo da masar Bauci a Wunti, ya yi hantsi a bayan Gudum, ya dawo ya yi azahar a cikin gari.

Yanayi ma ya ba da dama, amma da iyaka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya sauka, ƙasa ta bushe, an kawar da amfanin gona, safiya tana da sanyin da mai tuƙa keke yake so. Wannan lokaci ya yi daidai da watannin da ƙanƙara take rufe hanyoyin keke a Turai. Maris da Afrilu kuwa zafi yana kusantar digiri 40, duk wanda ya ɗora baƙo a kan keke da tsakar rana a waɗannan watanni ya nemi asibiti kusa. Damina tana da kyan gani, duwatsu su yi kore shar, sai dai laka da ƙoramai, uwa uba kuma gonaki sun rufe turba.

Sa'annan ga gandun daji. Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, ya dawo hannun Jihar Bauci a 2006. Yana da maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumin digiri 31 rani da damina, da kogunan dutse na Marshall, da rijiyoyin Dukke. Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki tafiyar kilomita 43 ce. Amma dajin da yake da giwaye da ɓauna ba wurin sakin baƙo a kan keke ba ne sai da rakiyar ma'aikatan gandun da izinin hukuma. Gandun Sumu da ke Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, wanda aka zuba wa raƙuman dawa da jakunan dawa da sauran dabbobi masu cin ciyawa da ƙasar Namibiya ta bayar kyauta a 2006, shi ya fi kama da gandun Hell's Gate na Kenya, inda aka daɗe ana ba baƙi hayar keke a bakin ƙofa su shiga su zaga a tsakanin dabbobi.

Wane ne zai biya?

Ɗan kasuwar da ya gina lissafinsa a kan Turawa zai yi asara. A garin Bauci ne rikicin Boko Haram ya fara ɓarkewa ranar 26 ga Yuli, 2009, a ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi. A Fabrairun 2013 an sace ma'aikata 'yan ƙasashen waje su 7 a Jama'are. Ko da yake birnin ya daɗe da samun natsuwa, a sanarwar gargaɗin matafiya da Amurka ta fitar a 2023 Bauci tana cikin jihohin da ta gargaɗi 'yan ƙasarta kada su je saboda satar mutane, kuma kamfanonin inshora na waje irin wannan sanarwa suke dubawa kafin su amince da matafiyi. Dajin Lame-Burra da wasu sassan Alkaleri ma sun yi fama da 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan.

Kasuwar farko ta cikin gida ce. Akwai ƙungiyoyin masu tuƙa keke don motsa jiki a Abuja da Legas da Kano da Jos, ma'aikatan banki da likitoci da manyan ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, waɗanda wasunsu kekensu ya fi babur tsada, kuma mafi yawansu a kan kwalta suke zagaye suna kauce wa motoci. Akwai ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da masu yi wa ƙasa hidima, da waɗanda likita ya ce su rage tumbi saboda hawan jini ko ciwon suga. Filin jirgin sama na Durum, da aka buɗe a 2014, ya rage wa na nesa wahalar hanya. Waɗannan mutane ba su bukatar a koya musu keke. Suna bukatar wanda zai ce musu ga hanya, ga ɗan jagora, ga motar da za ta biyo baya da ruwa da kayan gyara, ga wurin kwana mai tsabta, ga tabbacin cewa dagacin ƙauyen da jami'an tsaro sun san da zuwansu.

A nan ma Maroko ta ba da darasi. Bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido kusa da Imlil a Disamban 2018, hukuma ta wajabta wa duk mai hawan Tubkal ɗaukar ɗan jagora mai rajista, ta kafa shingayen duba takardu a kan hanya. Baƙi suka ci gaba da zuwa, 'yan jagora kuma suka ƙara samun aiki. Ƙasar Bauci tana da mafarauta da makiyaya waɗanda suka san kowane kwazazzabo da kowace rijiya. Abin da ya rage shi ne horo kan taimakon gaggawa, da rajista, da tsayayyen farashi, kwatankwacin abin da mutanen Shamoni suka yi wa kansu shekara 200 da suka wuce.

Matsalar kaya da masu gyara

Arewa ba baƙuwar keke ba ce. Akwai zamanin da keken Raleigh, wanda har an yi masana'antar haɗa shi a Kano, yake cikin abin da ake auna arzikin magidanci da shi, malamin makaranta da mai duba gari da ɗan tireda kowa da nasa. Faɗuwar darajar Naira tun daga 1986 ta karya masana'antun, kekunan Sin da Indiya suka cika kasuwa, daga baya babur ya ture keke gefe. Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ƙoƙarin dawo da martabarsa a 2001, har wata motar safa ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar zuwa taron majalisar zartaswa, abin ya zama abin dariya a jaridu. Janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ɗaga litar mai daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, ya yi wa keke wa'azin da ya fi na Ministan shiga kunne.

Sai dai keken da ake sayarwa da sunan na dutse a yawancin shaguna kamanninsa kawai ya ɗauko. Yana da kaurin taya da giya da wani abu mai kama da sifirin a gaba, amma mako guda a kan gargada ya isa ya sassauta masa kowane noti. Na ƙwarai, mai birkin faranti da giyar Shimano ko SRAM da sifirin mai aiki, ko dai sabo ne da ake saye da Dala, ko gwanjo daga Turai da Japan wanda yake shigowa ta Legas da Kwatano. Dalar da ake canzawa kusan Naira 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a Fabrairun 2024, saboda haka duk wanda zai tara kekunan haya ya san cewa jarinsa da kayan gyaransa suna bin farashin canji, kuɗin shigarsa kuma da Naira ne. Hikima ita ce a tsaya a kan samfuri ɗaya mai sauƙin gyara, mai sifirin a gaba kaɗai, domin sarƙa da taya da birkin wannan su shiga wancan.

Ƙasar ma tana da nata sharuɗɗa. Tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa da farar ƙaya ba su san tsadar taya ba, mai faci zai sha aiki in ba a koma ga tayar da ba ta da tiyub ba, wadda ake zuba wa wani ruwan danƙo mai toshe huda da kansa. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da man sarƙa takan zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye sarƙar da haƙoran giya cikin ɗan lokaci. Masu gyaran keke na bakin kasuwannin Wunti da Muda Lawal gwanaye ne wajen ɗaure sifok da miƙe rim da yi wa tsohon keke dabara, amma birkin da yake aiki da mai da sifirin mai iska suna bukatar kayan aiki na daban da ɗan horo. Wanda ya fara horar da yara biyar a wannan fanni ya kama wata ƙaramar kasuwa tun daga Jos har Gombe, ko da harkar baƙin ba ta tashi ba.

Gasa, da batun ƙasa

Gwamnatoci sun fi son farawa da gagarumin biki. Jihar Kuros Riba ta yi haka a 2005, lokacin Gwamna Donald Duke, da tseren gudu na dutsen Obudu mai kyautar Dala 50,000 ga wanda ya zo na ɗaya, tare da motar igiya mai hawa dutsen. Gasar ta jawo zakarun Habasha da Kenya da Turai, amma da yake aljihun gwamnati ne yake ɗauke da ita, ta ɗauke bayan kimanin shekara 10. Cape Epic kuwa, wadda mahaya da kamfanoni masu talla suke biya, tana nan. Ga Bauci, fita ta ƙarshen mako wadda mutum 20 suka biya kuɗinta da kansu, aka maimaita ta kowane wata na hunturu, ta fi bikin rana ɗaya da za a kashe rabin kuɗinsa a kan rumfa da riguna.

Babban abin da zai iya tsayar da harkar tun ba ta yi nisa ba shi ne haƙƙin bin hanya. A Ostiriya dokar gandun daji ta 1975 ta ba kowa damar shiga daji da ƙafa, amma hawan keke sai da yardar mai filin, kuma an daɗe ana sa-in-sa tsakanin mahaya da manoma da mafarauta. Jihar Tirol ta warware nata tun ƙarshen shekarun 1990 da yarjejeniya a rubuce: ana biyan mai filin wani ɗan kuɗi bisa tsawon hanyar da ta ratsa gonarsa ko dajinsa, hukuma kuma ta ɗauki nauyin inshora idan mahayi ya faɗi ya ji rauni, domin kada a kai manomi kotu. A Bauci, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun Gwamna, na karkara kuma ƙananan hukumomi ne suke ba da izinin amfani da su, amma a aikace turbar ƙauye tana hannun mai unguwa da dagaci da manomin da take bi ta gefen gonarsa da ardon da shanunsa suke ratsa ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙauyen da aka zauna da shi tun farko, aka yanka masa kaso a kan kowane baƙo, aka sayi furarsa da nononsa da zumarsa, shi zai tsare hanyar, ya kuma sanar idan an ga baƙuwar fuska a daji.

Shi kansa dutsen yana ƙarƙashin wata doka dabam. Bisa Dokar Ma'adinai ta 2007, duk ma'adinan ƙasa mallakar Gwamnatin Tarayya ne, kuma Ofishin Rajistar Haƙar Ma'adinai da ke Abuja ne yake ba da lasin fasa dutse, na tsawon shekara 5 wanda ake iya sabuntawa, a kan filin da bai wuce murabba'in kilomita 5 ba. Saboda haka mai niyyar zuba kuɗi a hanyar keke ko masauki a gindin wani dutse na bayan garin Bauci, kafin ya sayi ko keke ɗaya, ya fara zuwa wannan ofishi ya duba taswira, ya ga ko wani bai riga shi karɓar takardar sa wa dutsen nakiya ba.